Auna Kason Fiksel a Hoto da Histogiram: Tambayoyi da Amsoshi

Ɗalibin aikin gona da ke son sanin yawan ganyen da cuta ta ci, da mai aikin ɗab'i da ke lissafin tawada, da mai duba taswira don ganin faɗin ruwa, duk tambayarsu ɗaya ce: kashi nawa na hoton nan wannan abu ya cinye? Manhajojin sarrafa hoto irin su Photoshop da GIMP da ImageJ kowanne yana da ma'aunin da ke ƙirga wannan, wato histogiram. Ƙirgarsa daidai take fita kullum. Kuskure yana shigowa ne ta wajen abin da aka miƙa masa ya ƙirga, kuma yawancin amsoshin da ke ƙasa a kan haka suke.

Mene ne histogiram yake ƙirgawa?

Kowane hoto na kwamfuta ƙananan ɗigogi ne masu kusurwa huɗu, ana ce musu fiksel. Hoto mai faɗin 4000 da tsawon 3000 yana da fiksel 12,000,000. A hoto na yau da kullum mai bit 8, kowane fiksel yana da lambar haske daga 0, baƙi ƙirin, zuwa 255, fari fat. Histogiram yana jera matakan nan 256 daga hagu zuwa dama, ya tsayar da sanda a kan kowanne gwargwadon yawan fiksel ɗin da ke da wannan lamba. Iyakar aikinsa ke nan. Bai san ganye ba, bai san ƙasa ba, bai kuma san inda fiksel yake a cikin hoton ba. Da za ka yayyanka hoto ka cakuɗa gutsattsarin, histogiram ɗinsa ba zai canja ba ko kaɗan.

A ina zan ga lambobin a Photoshop?

Shiga Window ka danna Histogram. Ƙaramin allon da zai fito zane kawai yake nunawa, sai ka buɗe menun da ke kusurwarsa ta dama ka zaɓi Expanded View, ka tabbata Show Statistics a kunne yake. Lambobi uku ne naka. Pixels shi ne jimillar fiksel ɗin da aka yi lissafi da su. Count shi ne yawan waɗanda ke kan matakin da linzaminka ya tsaya. Percentile kuma kason duk fiksel ɗin da ke wannan mataki zuwa ƙasa. Idan ka danna ka ja linzami a kan zanen daga wani mataki zuwa wani, Count da Percentile za su koma na tsakanin da ka ja. Da zarar ka kewaye wani yanki na hoton, duk lambobin za su koma na cikin kewayen kaɗai, kuma a kan wannan ɗabi'a ce aikin gaba ɗaya ya dogara.

A GIMP fa?

Windows, sai Dockable Dialogs, sai Histogram. Lambobin iri ɗaya ne, kuma GIMP ya fi sauƙi ta fuska guda: akwai akwatuna biyu a ƙarƙashin zanen inda za ka rubuta farkon tsakanin da ƙarshensa da hannu, ba sai ka yi ta lalube da linzami ba. Ka dai riƙe cewa leyar (layer, wato shimfiɗar hoto) da kake kai a lokacin ita kaɗai yake ƙirgawa, ba duk abin da idonka ke gani a allo ba.

To yaya ake fitar da kason, mataki-mataki?

A ɗauki ganyen wake mai tabon cuta da aka sa a sikana bisa farar takarda. Da farko ka kewaye ganyen gaba ɗaya. Hanya mafi sauri ita ce ka danna farar takardar da Magic Wand, sannan ka juya zaɓin da Select, Inverse. Kafin nan ka cire alamar Anti-alias, kuma kada ka sa wa zaɓin Feather ko kaɗan, don dukansu suna dusashe bakin zaɓi. Rubuta abin da Pixels ya nuna, a ce 412,600. Daga nan ka kewaye tabon kaɗai: ka cire alamar Contiguous domin Magic Wand ta kama duk tabon da ke warwatse, ka riƙe Shift kana ƙara waɗanda suka tsallake. A ce Pixels ya nuna 37,950. Raba 37,950 da 412,600, ka ninka da 100, ka samu kashi 9.2 cikin 100.

Lura da lambar da aka raba da ita. Takardar A4 da aka sikana a kan ɗigo 300 a kowane inci tana da fiksel 2480 sau 3508, wato 8,699,840. Wanda ya raba tabon da wannan jimilla zai samu kashi 0.44, lissafinsa daidai, amma tambayar da ya amsa ita ce kashi nawa na takarda, alhali ganye aka tambaye shi. Kafin ka taɓa komai, rubuta a gefe: kason mene ne, cikin mene ne.

A GIMP kayan da ke wannan aiki su ne Fuzzy Select na yanki mai haɗe, da Select by Color na launi a duk inda yake. Mizanin sassaucinsu yana farawa daga 15, na Magic Wand kuma daga 32. Babu wanda aka tsara domin hotonka a cikin lambobin nan biyu, sai ka gwada ka duba.

Faɗi sau tsawo ya ba ni miliyan 12, amma Pixels yana nuna 750,000. Me ya faru?

Wannan shi ne tarkon da ya fi kama mutane a Photoshop. Domin sauri, manhajar tana ajiye ƙananan kwafin hoton, kuma sau da yawa daga cikinsu take zana histogiram. Dubi layin Cache Level. Idan 1 ne, daga ainihin hoton aka ƙirga. A mataki na 2 an haɗe kowane fiksel huɗu sun zama ɗaya, saura 3,000,000. A mataki na 3 saura kashi ɗaya cikin 16, wato 750,000 ɗin da ka gani. Alamar ita ce ɗan alwatika mai alamar motsin rai a saman zanen. Danna shi, lambar za ta dawo daidai.

Haɗarin yana wajen haɗa lambobi biyu daga matakai daban-daban. Ka ɗauki jimilla a mataki na 3, ka ɗauki ɓangare a mataki na 1, amsarka ta kumbura sau 16, wani lokaci har ta wuce kashi 100. Idan ta wuce ɗari ma da sauƙi, za ka farga. Wadda ta tashi daga kashi 2 zuwa 32 ita ce ke shiga rahoto ba wanda ya lura. Saboda haka a danna alwatikan kafin kowane karatu, ba sau ɗaya a farkon aiki ba.

Idan Cache Level yana 1 amma lambar ba ta kai ba, duba abu uku: wani ɗan zaɓi da aka manta ba a sake ba, leyar da ba ta kai girman hoton ba, ko wuraren da babu komai a leyar, inda ake ganin ƙananan murabba'ai fari da toka.

Wane sashen launi zan zaɓa: RGB, Luminosity ko Value?

Idan Pixels na cikin kewaye kawai kake karantawa, a Photoshop ko wanne ka bari lambar ɗaya ce. Idan kuwa za ka ja tsakani a kan zanen, zaɓin yana da muhimmanci ƙwarai.

RGB zane uku ne aka ɗora a kan juna. Fiksel mai ruwan lemo, ja 255, kore 128, shuɗi 0, zai bayyana wuri uku a cikinsa: can dama, da tsakiya, da can hagu. Don haka sandar da ke kan 0 a RGB ba ta nufin akwai baƙi a hoton. Luminosity na Photoshop yana ba kowane fiksel lamba guda, ta hanyar ɗaukar kusan kashi 30 na ja, 59 na kore, 11 na shuɗi. Tsantsar kore yana faɗawa wajen 150, tsantsar ja wajen 76, tsantsar shuɗi ƙasa da 30. Value na GIMP kuwa wanda ya fi girma cikin ukun yake ɗauka, shi ya sa tsantsar ja da tsantsar shuɗi da fari duk suke taruwa a ƙarshen dama, ba a iya rabe su. Wanda ya auna hoto ɗaya a manhajojin biyu ya ga amsa ta bambanta, ya fara duba nan.

Ba zan iya kimanta kason da ido daga tsayin sandunan ba?

A'a. Ana miƙa zanen ne ko a matse shi don ya cika akwatinsa, kuma doguwar sanda tana iya fin abin da aka nuna. GIMP ma yana da maɓallin da ke mayar da tsayin zuwa ma'aunin logaridim, inda fiksel ɗari ke yin tudu kamar abin kirki kusa da fiksel miliyan. Lamba ake karantawa.

Ta yaya Threshold ke taimakawa, kuma a ina zan tsayar da shi?

Threshold yana mayar da hoto baƙi da fari zalla: duk abin da ya kai lambar da ka sa ya zama fari, na ƙasa da ita ya zama baƙi. A Photoshop yana ƙarƙashin Image, Adjustments, kuma yana farawa daga 128. A GIMP yana cikin Colors. Bayan an yi shi histogiram zai rage sanda biyu, ɗaya a 0 ɗaya a 255. Ja linzami daga ƙarshen hagu zuwa tsakiya, Percentile zai ba ka kason baƙi kai tsaye. Akwai ma hanyar tabbatarwa: a hoto mai launi biyu kacal, Mean, wato matsakaicin haske, da aka raba da 255 shi ne kason fari. Mean na 191.25 yana nufin kashi 75 fari, 25 baƙi.

Wurin tsayar da iyakar shi ne ainihin hukuncin da kai za ka yanke. Hoto mai kyau yana nuna tudu biyu da kwari a tsakaninsu, ɗaya na abin da kake aunawa, ɗaya na bayansa, kuma a cikin kwarin ake sa iyaka. Hanyar da Nobuyuki Otsu ya wallafa a 1979 tana nemo wannan wuri da lissafi, tana kuma cikin jerin hanyoyin da ImageJ ke bayarwa. Idan tudu ɗaya ne kawai babu kwari, to haske bai raba abubuwan biyu ba, kuma duk inda ka sa iyaka son ranka ne.

Gwajin da ya kamata a yi kullum: bayan ka zaɓi lamba, a ce 128, ka auna kuma a 118 da 138. Idan amsoshin suka fito 24.1 da 24.6 da 25.0, awon ya zauna. Idan suka fito 17 da 25 da 34, kada ka rubuta 25 kamar ka tabbatar. Koma ka gyara hoton, ko ka canja hanyar rabewa. A yi Threshold a kan kwafin leya, a riƙa kunna ta ana kashewa a girman kashi 200 ko 300, a ga ko bakin baƙin ya bi bakin abin da gaske.

Kore da ruwan ƙasa haskensu ɗaya ne a hotona. Ya zan raba su?

Haka ake yawan samu a hoton gona, ganye da jar ƙasa su zauna a tudu guda. Maganin shi ne a nemi sashen da launukan suka fi nisa da juna. A Photoshop, mayar da kwafin hoton zuwa Lab Color ta Image, Mode, ka buɗe sashen da ake kira "a". A nan kore yana sauka ƙasa da 128, ja da ruwan ƙasa suna hawa sama, inuwa kuma ba ta cika dagula shi ba domin haske yana wani sashe daban. Kwafe sashen zuwa sabon hoto ka yi masa Threshold. A GIMP ana samun haka ta Colors, Components, Decompose, a zaɓi LAB. Ga ganye a kan farar takarda kuwa, sashen shuɗi na RGB ya isa, don ganye yana fita da duhu sosai a cikinsa, takarda kuma fari tas.

Idan nau'o'in sun wuce biyu, misali lafiyayyen ganye da rawaya da busasshe, hanya mafi aminci ita ce fenti da hannu. Buɗe sabuwar leya, ka ɗauki Pencil, ba Brush ba, domin bakinsa a yanke yake ba ya dusashewa. Ba kowane nau'i tokarsa: 0 da 100 da 200. Histogiram zai fito da sanda uku tsaf, kowacce da Count ɗinta. Aikin yana cin lokaci, amma kowa zai iya buɗe leyar ya ga abin da ka kira cuta da abin da ka kira lafiya.

Me ya sa tutar da launinta biyu ne take nuna launuka barkatai?

Tutar Najeriya ma'auni ce mai kyau ta gwada hannu, tunda an san amsarta: kashi biyu cikin uku kore, ɗaya fari. Zana ta da kanka a 600 sau 300, kowane ɓangare faɗin 200, za ka samu kore 120,000 cikin 180,000, kashi 66.67. Yanzu adana ta a JPEG ka sake buɗewa. Sanduna biyun sun yi 'ya'ya a gefensu, domin JPEG yana matse hoto ne a murabba'ai na fiksel 8 sau 8, yakan kuma rage bayanin launi fiye da na haske, sai bakin launuka ya jiƙe. Rage girman hoto ko juya shi ma yana haifar da launukan tsaka-tsaki. Saboda haka a adana aikin awo a PNG ko TIFF, idan kuma dole a canja girman hoton da aka riga aka rabe, a zaɓi Nearest Neighbor a Photoshop ko None a GIMP. Hoton da aka turo ta WhatsApp a matsayin hoto an riga an rage shi an matse shi. A ce wa mai turowa ya aiko shi a matsayin fayil.

Yaya girman kuskuren da bakin abu ke jawowa?

Ya danganta da ƙanƙantar abin. Da'ira mai faɗin fiksel 100 tana da fili kusan 7,854, kewayenta kusan 314. Idan iyakarka ta zame da fiksel ɗaya tak a duk zagayen, awon ya motsa da kusan kashi 4 cikin 100 na girmanta. Da'ira mai faɗin 1000 kuwa kashi 0.4 kawai za ta motsa. Ƙananan tabo masu faɗin fiksel 10 fiye da kashi ɗaya cikin uku nasu baki ne. Idan abin da kake aunawa ƙanana ne masu yawa, matso da kyamara ko ka ƙara ƙarfin sikana, kada ka dogara da gyaran iyaka.

Zan iya mayar da fiksel zuwa santimita?

Ƙwarai, muddin akwai abin da aka san girmansa. A sikana abin a shirye yake: ɗigo 300 a inci daidai yake da fiksel 118.11 a santimita, wato kusan 13,950 a murabba'in santimita ɗaya. Ganyen nan mai 412,600 ya kama murabba'in santimita 29.6. A hoton kyamara kuwa lambar dpi (ɗigo a inci) da ke cikin fayil ba ta da alaƙa da girman abin da aka ɗauka. Yanka baƙar takarda mai santimita 2 sau 2 ka ajiye kusa da ganyen. Idan ta ba da fiksel 52,000, kowane murabba'in santimita 13,000 ke nan, sai ka raba fiksel ɗin ganyen da wannan.

Sharaɗin shi ne su kwanta a bisa shimfiɗa ɗaya. Kyamara na nesa da tebur da santimita 30, ganye ya ɗago da santimita 3 sama da takardar gwaji, filinsa zai ƙaru da kusan kashi 23 cikin 100. A danne ganye da gilashi, a riƙe kyamara tana kallon ƙasa sak.

Wane irin ɗaukar hoto ne ke ba da awo mai kyau?

Haske mai laushi, daidai a ko'ina. Rana tsaka tana jefa inuwa mai kauri da Threshold zai ƙirga a matsayin abu, filasha kuma tana sa ganye ƙyalli, wurin ya fito fari kamar rami. Inuwar rumfa ko ranar da gari ya lumshe sun fi. Idan ana auna yadda shuka ta rufe ƙasa, a ajiye firam na katako ko bututun roba mai mita ɗaya sau ɗaya, a ɗauka daga sama kai tsaye, a yanke hoton daidai cikin firam ɗin. Hoton da aka ɗauka a karkace yana ɓoye ƙasar da ke bayan ganye, yana kuma ba na kusa fiksel fiye da na nesa, don haka kore yakan fito fiye da gaskiyarsa. Hoto ɗaya kuma wuri ɗaya ya auna, ba gona ba. Sai an ɗauki wurare da dama da aka zaɓa tun kafin a ga yadda shukar take a wajen.

Ana iya auna fili daga hoton taswirar intanet?

A ƙaramin yanki kamar unguwa ko tafki, kason yana fita daidai gwargwado, in an kashe sunaye da layukan hanya da ke rufe abin da ke ƙasansu. A babban yanki akwai matsala, domin yawancin taswirorin intanet suna kan tsarin Mercator, wanda ke kumbura fili yayin da ake nisa da layin da ya raba duniya arewa da kudu. A daidai Kano ƙarin kusan kashi 4.5 ne cikin 100, a Agadas kusan 9, a Landan ya haura ninki biyu da rabi. Kwatanta faɗin ƙasashe ta ƙirgar fiksel a irin wannan taswira ba ya yiwuwa. Wannan aikin manhajar taswira ta QGIS ne, da tsarin taswira mai kiyaye faɗin fili.

Yaushe ya kamata in koma ImageJ?

Da zarar hotuna sun yi yawa, ko awon zai shiga binciken da wani zai duba. Kyauta ne, Wayne Rasband ya fito da shi a 1997 a Cibiyoyin Lafiya na Ƙasa na Amurka, kuma don awo aka gina shi tun asali. Analyze, Histogram yana da maɓallin List da ke zubo ƙirgar duk matakai 256 a jere, a kwafe zuwa Excel. A Set Measurements ka sa alama a Area fraction, ka saita Threshold, ka danna Measure, kason ya fito. Set Scale yana karɓar layin da ka ja a kan rula ya mayar da komai santimita. Abu ɗaya da za a kiyaye: a hoton baƙi da fari, ImageJ yakan juya yadda yake nuna launi, 255 ya bayyana baƙi, gwargwadon yadda aka saita Black background a Process, Binary, Options. Ɗora linzami a kan abin da kake aunawa ka karanta lambarsa a sandar sama, don kada ka ba da kason bayan hoto a madadin na abin.

Da waya kaɗai fa?

Snapseed da Lightroom suna nuna zanen histogiram amma ba sa ba da ƙirgar fiksel, don haka ba su isa wannan aiki ba. Idan koren shuka a kan ƙasa ne kawai abin nema, akwai Canopeo, wadda aka haɗa a Jami'ar Jihar Oklahoma, tana ba da kason kore daga hoton waya tare da nuna hoton baƙi da farin da ta yi lissafi da shi. A duba wannan hoton kafin a karɓi lambar, domin ciyawa ma kore ce kuma za ta shiga cikin ƙirgar.